Yaran Firamare Da Kwana A Birni: A Bar Su Ko A Hana?

Wannan jawabi ne da editan jaridar nan ya yi a wani taron iyaye da malamai. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  

Maganar da ta tara mu yau ta 'ya'yanmu ce. Malamai suna so su kai 'yan firamare birnin Kano yawon buɗe ido. Za a tafi yau, a kwana ɗaya, a dawo gobe. An aiko wa iyaye takarda su sa hannu. Wasu sun dangwala nan take, ba su tambayi kome ba. Wasu kuwa sun ce ko kusa, ɗansu ba zai kwana a wani wuri ba. A ganina duka biyun akwai gyara.

Ga nawa ra'ayin tun da wuri. A bar manyan yara su je, wato 'yan aji biyar da 'yan aji shida. Amma sai an cika sharuɗɗan da zan lissafa. In ba a cika su ba, a fasa. Kwanan kansa bai cika zama abin tsoro ba. Abin tsoro yana cikin mota, da kan hanya, da rashin mai kula.

Me Yaro Zai Samu?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malam zai shekara yana faɗa wa yaro tarihin Kano a allo. Ranar da yaron ya hau Dutsen Dala, ya hango gari gabas da yamma, ranar abin zai zauna masa.

Zai ga ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Zai shiga Gidan Makama, kusa da gidan Sarki. Tsohon gini ne tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a ciki, da kayan yaƙi, da hotunan mutanen da. Zai je marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa a 1498. Zai ga yadda ake tsoma farin yadi a baba ya fito shuɗi. Zai ratsa kasuwar Kurmi ya ga dukawa da masu sayar da sirdi da linzami.

Akwai kuma na zamani. Akwai gidan zu mai sunan Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano. Akwai filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Malam zai iya faɗa wa yara cewa tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Akwai Jami'ar Bayero. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mace tana karatun likita ba za ta gani da idonta. Yaron da yake tsammani karatu ya ƙare a aji shida zai ga inda hanyar ta nufa.

Wannan na ƙarshe shi ne babba. Kun san yawancin yaranmu a bakin aji shida suke tsayawa. Dokar ilimi ta 2004 ta ce kowane yaro ya yi shekara tara a makaranta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Doka tana takarda. Abin da zai sa yaro ya ce shi dai sai ya ci gaba, sau da yawa abin da ya gani ne.

Tsoron Iyaye Gaskiya Ne

Kada malami ya raina uban da ya ƙi sa hannu. Kada a ce masa baƙauye. Uban nan yana jin rediyo, kuma bai manta ba.

A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Duk ukun nan da dare aka yi su, a makarantun kwana. Saboda haka in uwa ta ji an ce makaranta, an ce kwana, dole gabanta ya faɗi.

Amma mu duba da kyau. Makarantun nan duka a ƙananan garuruwa suke, kusa da daji. Yaran a nan suke kwana kullum, kowa ya san wurin. A watan Maris na 2024 kuma aka kwashe yara a Kuriga ta Jihar Kaduna, har da 'yan firamare. Wannan da safe aka yi, a makarantar garinsu, ba su je ko'ina ba. To kun ga zaman gida kaɗai bai isa kariya ba. Kwana ɗaya a tsakiyar birni, a gida mai katanga da mai gadi, ba ɗaya ba ne da makarantar da take bakin daji. Wurin da ya kamata mu fi sa ido shi ne hanyar da za a bi kafin a isa.

Abubuwa Uku Masu Cin Rai

Na farko, lodi. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya tashi daga ƙauyen Badau zai haye zuwa Ɓagwai a Jihar Kano. Yawancin waɗanda suke ciki ɗaliban Islamiyya ne, za su wajen Mauludi. Jirgin ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara. Hukuma ta ce an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima. Allah ya jiƙansu. Abin da ya faru a ruwa yana faruwa a mota. Ana ganin yara ƙanana ne, sai a cusa huɗu a kujerar mutum biyu, wasu a kan cinyar wasu.

Na biyu, tafiyar dare da gajiyar direba. A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada. Saura kaɗan su iso Kano. Mutum fiye da 20 suka rasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce sun kwana suna tafiya, kuma tana zaton gajiya da gudu ne suka jawo. Direba mutum ne. In barci ya zo, ba ya sallama.

Na uku, rashin mai kula. Birni ba ƙauye ba ne. A nan kowa ya san ɗan kowa. A can yaro zai tsaya kallon wani abu minti biyu, ya waiga ya ga ba kowa nasa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka ba da sanarwar gano yara tara da aka sace daga unguwannin Kano. A Anacha ta Jihar Anambra aka same su. Waɗannan 'yan birni ne, sun san unguwarsu. To ina ga baƙo?

Ku lura, duka ukun nan suna da magani. Maganin kuwa yana hannunmu tun kafin mota ta tashi.

Me Ya Sa Sai An Kwana?

Wani zai ce, to a je a dawo a rana ɗaya mana. In garinku kusa yake da birni, wannan ya fi. Ƙauyen da mota take kaiwa Kano cikin awa ɗaya ba shi da dalilin kwana. A tafi da hantsi, a dawo da la'asar.

Amma Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, kuma wasu suna da nisa. Mutumin Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya kama hanyar birni. In irin wannan makaranta ta ce sai ta je ta dawo a rana ɗaya, ga abin da zai faru. Za a tashi cikin duhun asuba. Za a yi kallon a gurguje. Za a makara a cunkoson motoci. Magariba za ta yi ana cikin gari. Sai a kama hanya cikin dare, direba a gajiye, yara suna gyangyaɗi, kowa yana cewa a yi sauri. Wato gudun kwana ya jefa yara cikin abin da ya fi kwana haɗari. Ga mai nisa, kwana a wuri amintacce shi ne rigakafi.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya. Muna tura yaro ɗan shekara bakwai birni almajirci, ya yi watanni ba mu gan shi ba. Muna barin yarinya ta bi 'yan biki wani gari ta kwana uku. Wasunmu suna ba da 'ya'ya aikatau a gidan da ba su taɓa takawa ba. In mun iya waɗannan, kwana ɗaya tare da malamai bai kamata ya gagare mu ba. Tambayoyin da zan kawo yanzu, ya kamata mu riƙa yin su a duk waɗancan tafiye-tafiyen ma.

Tambayoyi Bakwai Kafin Ka Sa Hannu

Matambayi ba ya ɓata. In an kawo maka takarda, ka karanta ta a tsanake. In karatun bai kai ba, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Sannan ka je makaranta da kanka ka yi tambayoyin nan.

Ta ɗaya: Wa ya ba da izini? Tafiya irin wannan ba ta malami ɗaya ba ce. Sai hedimasta ya sani, kwamitin kula da makaranta ya zauna, ƙungiyar iyaye da malamai ta yarda. Sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya ba da izini a rubuce. Ka ce a nuna maka takardar.

Ta biyu: Wace mota, wane direba? A ɗauki mota daga tasha, ta hannun shugabannin direbobi, wadda aka san mai ita. A zaɓi direba dattijo mai lasin, wanda ya san hanyar. Mutum biyu daga cikin iyaye su je su duba taya da birki da fitila. Kowane yaro da kujerarsa. Ba a-kori-kura, ba motar ɗaukar kaya. Dokar hanya ta ce bas kada ta wuce gudun kilomita 80 a awa a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya, 50 a cikin gari. Malamin da ya zauna gaba ya riƙa duba allon gudun, kuma ya yi magana.

Ta uku: Wace hanya, wane lokaci? Lafiyar hanya tana sauyawa. Hanyar da aka bi lafiya bara tana iya lalacewa bana. A tambayi direbobi da 'yan sanda a cikin satin tafiyar, a sake tambaya ana gobe za a tashi. A tashi bayan gari ya waye sosai. A iso gida kafin la'asar sakaliya. Kada a yi ta shelar rana da hanya a kasuwa ko a waya. Iyaye da hukuma su sani, ya wadatar.

Ta huɗu: Ina za su kwana? Ka nemi sunan wurin da unguwar. Ya zama gida mai katanga da ƙofa da mai gadi, kamar makarantar kwana ta gwamnati a cikin gari. Wani daga cikin kwamiti ya je ya gani da idonsa kafin ranar. Akwai ruwa? Akwai ban ɗaki? Akwai taga? Cunkushe yara a ɗaki marar iska, musamman da zafi, yana yaɗa ciwo irin su sanƙarau. Ba kwana a tasha. Ba rarraba yara gidajen mutane ɗaiɗai.

Ta biyar: Su wa za su raka su? Shawarata, kowane yara goma babba ɗaya. Kowane babba a rubuta masa sunayen yaransa goma. Ya ƙirga su in za a shiga mota, ya ƙirga in an sauka. Ya ƙirga a bakin kowace ƙofa, ya ƙirga kafin barci. Cikin masu rakiya a sa iyaye, ba malamai kaɗai ba.

Ta shida: Me za su ci, me za su sha? A tafi da guzuri daga gida, irin wanda ba ya lalacewa da wuri, kamar ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gyaɗa. Abincin dare a san wanda zai dafa. Kada a bar yara su sayi abin da ƙuda ya sauka a kai a bakin titi. Ruwa ya zama mai tsabta. Amai da gudawa suna kayar da yaro cikin dare ɗaya. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti.

Ta bakwai: In wani abu ya faru fa? A san asibitin da ya fi kusa da masauki. A ware kuɗin ko-ta-kwana. Masu rakiya su bar lambar wayarsu wurin hedimasta da dagaci. Su kira in sun isa, su kira in za su taso. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Malamin kirki ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. In ka ga ana yi maka kwana-kwana, ko an ce kai dai ka sa hannu, to ka mayar da takardar.

Maganar 'Yan Mata

Na san abin da wasu suke shirin yi. Za su bar maza su je, su hana mata. Ina roƙonku kada a yi haka. Yarinya ita ta fi bukatar ganin nan, domin ita aka fi cirewa daga makaranta.

Abin da ya kamata shi ne a tsare mata mutuncinta. Ɗakin mata daban, ban ɗakinsu daban. Malama mace ta kwana tare da su, da uwa ɗaya ko biyu daga cikin gari, waɗanda mata suka zaɓa da kansu. Namiji ba ya shiga ɗakin, ko malami ne, ko direba. Babba, mace ko namiji, kada ya keɓe da yaro ɗaya. In makaranta ba ta da malama, kuma ba uwar da za ta je, to tafiyar kwana ba ta taso ba. Iyayenmu mata, wannan aikin naku ne. Maigida, in an zaɓi matarka, ka bar ta ta je. Kwana ɗaya ne.

Maganar Kuɗi

A rubuta lissafi a allo kowa ya gani: kuɗin mota kaza, abinci kaza, kuɗin shiga kaza. In an dawo a sake karanta lissafin a taro. Abin da ya yi saura a faɗa. Araha ba ta ado: kada a ɗauki mota ɗaya inda ake bukatar biyu don a rage kuɗi.

Kada kuma a bar maraya ko ɗan talaka a baya, 'yan ajinsu su dawo suna ba shi labari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan kaka, in kowane gida ya ba da kwano ɗaya na hatsi, aka sayar, za a rage nauyin. 'Yan garin nan mazauna birni su ma a tuntuɓe su. Wani zai ɗauki abincin dare, wani zai yi jagora. Lokacin da ya fi dacewa ke nan ma: damina ta wuce, hanya ta bushe, aikin gona ya yi sauƙi, zafi bai zo ba. Ranar da hazo ya rufe gari kuwa, a jira ya washe.

Waɗanda Bai Kamata Su Je Ba

'Yan aji ɗaya zuwa aji huɗu su jira lokacinsu. Su a kai su kusa: asibitin gari, dam, gidan gona, fadar hakimi. A je da safe a dawo da azahar.

Yaron da ba shi da lafiya ranar tafiya ya zauna. Mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya, iyaye su faɗa wa malami tun da wuri, a nemi shawarar ma'aikacin asibiti, a ba da maganinsa. Kada a ɓoye. Mai fitsarin kwance a faɗa wa malami a asirce, ya tashe shi cikin dare, kada a kunyata shi. Yaron da ya ce yana jin tsoro kada a tilasta masa. Uban da ya ji duk bayani, ya ce shi dai bai yarda ba, haƙƙinsa ne. Kada a doki ɗansa, kada a rage masa maki.

Abin Da Za Ka Koya Wa Ɗanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako guda ka zaunar da yaron. Ya haddace cikakken sunansa, da naka, da sunan garinku da ƙaramar hukuma. Ka rubuta lambar waya a takarda, uwarsa ta ɗinke ta a aljihun rigar makaranta. Ya sa rigar makaranta duk inda za a je, domin a hango shi daga nesa. Ka faɗa masa kada ya karɓi kome a hannun wanda bai sani ba. Kada ya bi kowa, ko an ce kai ka aiko. In ya ɓace, ya tsaya inda yake, ko ya nufi ɗan sanda ko mai shago. Ka nuna masa yadda ake tsallaka titi: ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu. Ka ba shi tabarma da mayafi da gidan sauro. Ka ba shi littafi da fensir, ya rubuto abu biyar da ya gani. In ya dawo, ya karanta wa 'yan gida da dare.

Jama'a, abin da nake roƙo ke nan. Kwamiti ya zauna cikin makon nan ya amsa tambayoyi bakwai ɗin nan a rubuce. A karanta amsar a gaban iyaye maza da mata. In amsa ta cika, mu sa hannu da zuciya ɗaya, mu raka su bakin mota. In ko ɗaya ta gaza, a ɗaga tafiyar har sai an gyara. Dutsen Dala ba inda za shi.

 Allah ya raya mana zuriya, ya kai kowa gida lafiya.